Wa Aka Aiko Wa Saƙon Almasihu Tun Farko, Bani Isra'ila Ko Al'ummai?

A duk lokacin da aka zauna muƙabala tsakanin masu wa'azin Musulunci da na Kirista a ƙasar nan, ko kuwa gardamar ta ɓarke a Facebook, da wuya a tashi ba a taɓo tambayar nan ba: shin Yesu Almasihu, wanda Musulmi ke kira Annabi Isa ɗan Maryam (amincin Allah ya tabbata a gare shi), ga Bani Isra'ila kaɗai aka aiko shi, ko ga duniya baki ɗaya? Kowane ɓangare da ayarsa a aljihu yake zuwa. Wannan ya buɗe Matiyu 15:24, inda Yesu ya ce ba a aiko shi ba sai ga ɓatattun tumakin gidan Isra'ila, ya ƙara da Matiyu 10:5-6, inda ya hana almajiransa bin hanyar al'ummai, wato waɗanda ba Yahudawa ba, ko shiga garin Samariyawa, sannan ya rufe da aya ta 49 ta Suratu Ali Imrana, wadda ta kira shi manzo zuwa ga Bani Isra'ila. Wancan kuma ya buɗe Matiyu 28:19, inda aka umarci almajirai su je su almajirtar da dukkan al'ummai. Daga nan sai a yi tafi da sowa a watse, kowa yana ganin gwaninsa ne ya yi nasara. Abin da ba a cika tsayawa a kai ba shi ne, duk ayoyin nan na Matiyu a littafi guda suke, kuma wanda ya rubuta su bai ga ya yi tufka da warwara ba. Ba hukuncin aƙida nake son yankewa a nan ba, domin kowa da abin da ya yi imani da shi. So nake a dubi abin da rubuce-rubucen farko suka nuna ya faru a shekarun da suka biyo bayan Yesu.

Game da zaman Yesu kansa a duniya, ban ga abin jayayya mai yawa ba. A cikin Yahudawa ya tashi, a majami'unsu na Galili ya yi koyarwa, a Haikalin Urushalima ya yi idi, kuma ya zaɓi almajirai goma sha biyu daidai da yawan kabilun Isra'ila, har ya yi musu alkawari a Matiyu 19:28 cewa za su zauna a kan kujeru goma sha biyu suna yi wa kabilun nan shari'a. Waɗanda ba Yahudawa ba da aka fi sanin labarin haɗuwarsa da su biyu ne, wato hafsan sojan Kafarnahum da matar nan Bakan'aniya ta yankin Taya da Sidon, kuma dukkansu su ne suka neme shi, daga nesa kuma ya warkar musu da marasa lafiyarsu ba tare da ya taka ƙofar gidajensu ba. Ita matar ma sai da ta ji magana mai nauyi, cewa bai kyautu a ɗauki abincin 'ya'ya a jefa wa karnuka ba, kafin amsarta mai hikima ta sa aka biya mata buƙata. Bulus da kansa, wanda ake kira manzon al'ummai, ya rubuta a Romawa 15:8 cewa Almasihu ya zama mai hidima ga masu kaciya ne domin a tabbatar da alkawuran da aka yi wa kakanni. Duk Kiristan da yake jin nauyin amincewa da wannan, to da littafinsa yake jayayya.

Hujjar da ta fi ƙarfi a wurina ba ma a bakin Yesu take ba, a halin almajiransa take bayan tafiyarsa, wajen shekara ta 30 ko 33 miladiyya. Tambayarsu ta ƙarshe gare shi, a Ayyukan Manzanni 1:6, ita ce ko a lokacin ne zai mayar wa Isra'ila da mulki. Sun ci gaba da zama a Urushalima suna zuwa Haikali a lokutan addu'a, kuma taron da almajirinsa Bitrus ya yi wa wa'azi ranar idin Yahudawa na Fentikos, duk da an ce daga kowace ƙasa suka zo, Yahudawa ne da waɗanda suka shiga Yahudanci. Da tsanani ya warwatsa masu bi bayan kisan ɗaya daga cikinsu mai suna Istifanas, littafin ya faɗa ƙarara a 11:19 cewa ba su yi wa kowa wa'azi ba sai Yahudawa. Shi kuwa Bitrus sai da aka nuna masa wahayi har sau uku a Yafa kafin ya yarda ya shiga gidan Karniliyas, hafsan sojan Rum a Kaisariya, kuma da ya dawo Urushalima tuhuma ya tarar tana jiransa, cewa ya shiga wurin marasa kaciya har ya ci abinci tare da su. Mutanen da suka fahimci cewa an umarce su su bazu cikin al'ummai nan take, ba tare da wani sharaɗi ba, ba haka za su yi ba. Ko dai sun ɗauki umarnin a matsayin abin da zai zo bayan Isra'ila ta amsa kira, ko kuma sun ɗauka cewa duk baƙon da zai shigo sai ya fara zama Bayahude.

To amma masu cewa Bulus ne shi kaɗai ya karkatar da saƙon zuwa ga al'ummai, su ma sun tsallake shafuka da dama. Tun ƙarnuka kafin haihuwar Yesu, annabawan Bani Isra'ila sun riga sun sa al'ummai a cikin begensu na ƙarshen zamani. Ishaya 2 ya ce dukkan al'ummai za su kwararo zuwa dutsen gidan Ubangiji, 49:6 ya yi maganar bawan da zai zama haske ga al'ummai, Zakariya 8:23 kuma ya ce mutum goma daga harsuna daban-daban za su kama rigar Bayahude guda suna cewa za su bi shi domin sun ji Allah yana tare da su. Don haka duk Bayahuden da ya gaskata cewa Almasihu ya zo, dole ne ya sa ran shigowar baƙi, domin shigowar tasu tana cikin alamun cikar alkawari. Yesu ma ya ce a Matiyu 8:11 da yawa za su zo daga gabas da yamma su zauna cin abinci tare da Ibrahim da Ishaku da Yakubu, kuma a riwayar Markus ta labarin matar nan cewa ya yi a bari 'ya'ya su fara ƙoshi tukuna, wanda ke nuna akwai waɗanda za su ci daga baya. Sannan waɗanda suka fara yi wa Helenawa, wato Girkawa, wa'azi a Antakiya wasu Yahudawa ne mutanen Kubrus da Kurane waɗanda ko sunayensu ba a ambata ba, kuma sai da aikin ya yi ƙarfi ne Barnaba, ɗaya daga cikin masu bi na Urushalima, ya je Tarsus ya taho da Bulus. Ikilisiyar Roma ma ba shi ya kafa ta ba, domin lokacin da ya rubuta mata wasiƙa wajen shekara ta 57 bai taɓa taka birnin ba. Ƙofar da baƙin suka bi ita ce majami'ar Yahudawa, inda dama can akwai waɗanda ake kira masu tsoron Allah, wato mutanen da ke zuwa sauraron Attaura ran Asabar, suna ƙin gumaka, amma ba su yi kaciya ba. Karniliyas irinsu ne.

Wannan ne ya sa nake ganin tambayar da muke ta kai ruwa rana a kanta ba ita ce ta hana mutanen farko barci ba. Babu wani a cikin waɗanda wasiƙun Bulus ko Ayyukan Manzanni suka ambata da ya ce a kori al'ummai. Rigimar a kan sharaɗin shiga take. Masu bi daga ɗariƙar Farisiyawa sun ce lalle ne a yi wa baƙi kaciya a kuma umarce su da kiyaye shari'ar Musa, kuma hujjarsu ba ta wasa ba ce, tunda Farawa 17 ta kira kaciya madawwamin alkawari, kuma Yesu bai bar wata magana da ta soke ta ba, da ya bari da an kawo ta a taron an kashe gardamar. A taron da aka yi a Urushalima wajen shekara ta 48 ko 49, Yakubu, wanda Bulus ya kira ɗan'uwan Ubangiji, ya yanke cewa kada a ɗora wa al'ummai kaciya, sai dai su guji abin da aka yanka wa gumaka, da jini, da naman dabbar da aka maƙure, da fasikanci. Musulmin da ya san aya ta 3 ta Suratul Ma'ida ba zai ji ukun farko baƙi a kunnensa ba. Abin lura shi ne, wannan hukunci na buɗe ƙofa Yahudawa ne suka yanke shi, a birnin Yahudawa, da hujja daga Annabi Amos, kuma su da kansu ba su daina kiyaye shari'ar ba. An ma raba aiki, kamar yadda Galatiyawa 2:9 ta nuna, Yakubu da Bitrus da Yahaya wajen masu kaciya, Bulus da Barnaba wajen al'ummai.

Sai dai yarjejeniyar ta bar ɓaraka a wurin da ya fi taɓa rayuwar yau da kullum, wato wurin cin abinci. An amince baƙo ya shigo ba kaciya, amma ba a fayyace ko Bayahude mai kiyaye shari'a zai sa hannu a kwano ɗaya da shi ba, alhali kuwa ibadar masu bi ta mako-mako a kan cin abinci tare aka gina ta. A Antakiya Bitrus yana cin abinci da al'ummai, da wasu suka zo daga wurin Yakubu sai ya ja jiki, har Barnaba ya bi sahunsa, Bulus kuma ya tsawata masa a gaban jama'a. Bulus ne ya ba da labarin a Galatiyawa 2, kuma bai ce Bitrus ya karɓi gyaran ba. Sanin halin Bulus a gardama, na tabbata da ya yi nasara a ranar da ba zai ɓoye ba. Duk da zafin nan, bai taɓa ganin ya fita daga jama'arsa ba. Ya ce bishara ta Bayahude ce da farko sannan Bahelene, ya kwatanta al'ummai a Romawa 11 da reshen zaitun na jeji da aka ɗaura a jikin itacen gida, ya gargaɗe su kada su yi wa rassan asali fahariya domin saiwa ce ke ɗauke da su, ya kuma shafe shekaru yana tara gudummawa daga Makidoniya da Akaya domin matalautan Urushalima yana kiranta bashi. Sau biyar aka yi masa bulala arba'in ba ɗaya, wadda horo ne na majami'ar Yahudawa, kuma wanda ya yi sallama da majami'a ba ya komawa inda za a shimfiɗe shi.

Hausawa na cewa baƙo raɓa, ɗan gari kaba, amma a wannan tarihi akasin haka aka gani, kuma yaƙi ya taka rawa a ciki fiye da yadda masu muƙabala ke tunawa. An kashe Yakubu a shekara ta 62, kamar yadda masanin tarihin Yahudawa Yusufus ya ruwaito. Sojojin Rum sun rushe Haikali a shekara ta 70, kuma bayan tawayen Bar Kokba na 132 zuwa 135 Sarki Hadiriyan ya hana Yahudawa zama a Urushalima. Yusibiyus, marubucin tarihin ikilisiya, ya ce kafin lokacin bishop goma sha biyar aka yi a birnin, dukkansu masu kaciya, daga nan ne aka naɗa wani mai suna Markus, na farko daga cikin al'ummai. Da cibiyar ta mutu, sai tambayar ta juye gaba ɗaya. A tsakiyar ƙarni na 2 malamin Kirista Jastin Shahidi yana tattauna ko mai bin Almasihu da ke kiyaye Asabar da kaciya zai sami ceto, ya ce shi a ganinsa zai samu muddin bai tilasta wa wasu ba, amma ya yarda akwai Kiristocin da ko zama da irin waɗannan ba sa yi. Wajen shekara ta 180 bishop Ireniyus ya sa Ebiyonawa, masu kaciya da suka ƙi Bulus suka riƙe Matiyu kaɗai, a jerin 'yan bidi'a. A shekara ta 404 kuwa malamin Kirista Jerom ya rubuta wa bishop Agustin cewa Nazarawan da suka rage, wato masu bin Almasihu da ke kiyaye shari'ar Musa, a ƙoƙarinsu na zama Yahudawa da Kirista a lokaci guda, sun tashi ba Yahudawa ba ba Kirista ba. Da a ce da wannan ma'auni aka auna dubban masu bi na Urushalima da Ayyukan Manzanni 21:20 ya ce dukkansu masu himmar shari'a ne, da su da shugabansu Yakubu babu wanda zai tsallake.