Manhaja goma a aji, darasi babu ko ɗaya

Tun da kamfanin Google ya rufe allonsa na intanet, Jamboard, a ƙarshen shekarar 2024, shafukan da ke ba malamai shawara suka cika da jerin sunaye: manhajoji biyar da za su maye gurbinsa, goma da ya kamata kowane malami ya sani, ashirin da za su sauya fasalin aji. Kamfanin da kansa ya nuna wa jama'a FigJam da Miro da Lucidspark, ya ce su koma can. Masu shirya tarurrukan bita kuwa suka goge tsohon suna a takardar gayyata, suka rubuta sabo, suka ci gaba da abin da suka saba. Abin da ya ɓata min rai shi ne, a duk wannan hayaniya da ƙyar ka ji wanda ya tsaya ya tambayi abin da yara suka koya a kan allon da aka rufe, har da ya sa dole sai an nemo masa magaji.

Ba yau aka fara ba. Edmodo, wadda ɗimbin malamai suka zuba darussansu a ciki, ta rufe a watan Satumba na 2022. Microsoft ya sayi Flipgrid, manhajar tattaunawa ta bidiyo, a 2018, a 2024 ya rufe manhajar, ya mayar da ɗan abin da ya rage cikin manhajarsa ta Teams. Rahoton hukumar UNESCO na 2023 kan fasaha a harkar ilimi ya ce irin waɗannan kayayyaki suna sauyawa kusan duk bayan wata 36. Ke nan yaron da ya shiga makarantar sakandare yau, da wuya ya gama da manhajar da ya fara da ita. Duk da haka ana ci gaba da auna ƙwazon malami da yawan manhajojin da ya iya buɗewa, ana kiran wannan koyarwar zamani.

Wannan ra'ayi ya daɗe da shan kaye a hannun hujja. A 2015 ƙungiyar haɗin kan tattalin arziki ta OECD ta duba sakamakon jarrabawar PISA, wadda ke auna ɗaliban ƙasashe daban-daban, ta tarar ƙasashen da suka fi zuba kuɗi wajen sayen kwamfutoci ba su samu wani ci gaba na a zo a gani ba a karatu da lissafi da kimiyya. Ɗaliban da ke amfani da kwamfuta daidai wa daida a makaranta sun ɗan fi waɗanda ba sa taɓa ta, amma masu yawan amfani da ita sun fi kowa komawa baya. Ƙasar Peru ta raba ƙananan kwamfutoci sama da dubu 800 a ƙarƙashin shirin nan na kowane yaro da kwamfutarsa, wanda Nicholas Negroponte ya ƙaddamar a 2005. Binciken da aka fitar a 2012 kan makarantu 319 bai ga ƙarin maki a lissafi ko harshe ba. Hukumar makarantun birnin Los Angeles a Amurka ta shiga shirin raba iPad na sama da dala biliyan ɗaya a 2013; cikin 'yan kwanaki ɗalibai suka cire shingen tsaron da aka sa, shekara na zagayowa aka dakatar da kwangilar. A duk wuraren nan na'ura ta iso, tsarin darasi bai iso ba.

To mu shiga ajin, domin a can ne ake gane gaskiyar maganar. Ɗauki darasi mai minti arba'in da ɗalibai arba'in. Raba na'urori zai ci minti biyar. Shiga asusu zai ci wasu biyar ko fiye, saboda ba a rasa wanda ya manta kalmar sirri, da wanda ya tarar asusun wani a buɗe, da wanda batirinsa ya mutu. Tattara kaya a ƙarshe minti uku. Kashi ɗaya cikin uku na darasin ya tafi ke nan kafin a karanta layi guda. Idan kuma malam ya ce kowa ya buɗe bidiyo a na'urarsa, sai a yi lissafi: YouTube da kansa ya ce bidiyo mai matsakaicin haske na 480 yana buƙatar megabit 1.1 a daƙiƙa, mai 720 kuma megabit 2.5. Ninka da arba'in, ka samu megabit 44 ko 100, duk a kan na'urar rarraba intanet guda ɗaya. Shi ya sa hoton ke tsayawa cik, yara su fara surutu. Maganinsa ba ya buƙatar ƙwararre: a sauke bidiyon tun kafin darasi, a haska shi sau ɗaya da majigi, kowa ya kalla tare.

Inda aka fi yaudarar kai shi ne abin da ake kira aikin haɗin gwiwa. Malam ya buɗe takarda guda a Google Docs, ya tura wa ajin mahaɗinta, ya ce a yi aiki tare. Manhajar tana ɗaukar har na'urori ɗari suna gyara a lokaci guda, shi ke nan sai a ɗauka ajin ma zai iya. Abin da ke faruwa kuwa sananne ne. Rubutu yana tsalle sama da ƙasa saboda wani na ƙara layi a samanka. Wani ya goge sakin layin ɗan'uwansa, ko da gangan ko bisa kuskure. Masu saurin buga rubutu su uku ko huɗu su cika shafin, sauran su koma sauya launin haruffa da liƙa hotuna. A allon manna ra'ayi irin su Padlet, amsa ukun farko ne na ainihi. Abin da ya biyo baya maimaicinsu ne, domin kowa na ganin abin da na gabansa ya rubuta. A ƙarshe allo ya cika maƙil, a ɗauki hotonsa a kai wa shugaban makaranta. Taron tsintsiya ba shara.

Laifin nan ya girmi intanet. Tun a 1913 wani masanin aikin gona ɗan Faransa, Max Ringelmann, ya wallafa cewa idan mutane suka haɗu suna jan igiya, ƙarfin da kowannensu ke sawa yana raguwa gwargwadon ƙaruwarsu. Masu binciken koyo a rukuni, irin su Robert Slavin, sun daɗe da nuna cewa aikin rukuni yana haifar da ɗa mai ido ne idan abu biyu suka haɗu: rukunin na da manufa guda, kuma ana iya tuhumar kowane ɗalibi a kan nasa kason. Babu manhajar da ke zuwa da waɗannan biyun a cikinta. Malami ne ke gina su, kuma ginin yana da ƙa'ida.

Rukuni kada ya wuce mutum uku ko huɗu, kowane rukuni da takardarsa daban. Kafin a taɓa na'ura, kowa ya yi minti biyar shi kaɗai da biro da littafi ya rubuta tasa amsar, don kada tunanin mai sauri ya danne na sauran. Takardar da za a ba su kada ta zama fanko: a zana jadawali a ciki, kowane layi da sunan ɗalibi da tambayar da aka ɗora masa, sannan a bar akwati ɗaya a ƙasa wanda ba zai cika ba sai an haɗa duka amsoshin. Wannan shi ne ruhin dabarar da Elliot Aronson ya ɓullo da ita a birnin Austin na jihar Texas a 1971, inda kowane yaro ke riƙe da yanki guda na darasin, sauran ba su da hanyar samunsa sai ta bakinsa. Idan lokacin duba aikin juna ya yi, a ba wa ɗaya rukunin izinin yin sharhi kawai, ban da izinin gyara, kuma a faɗa musu abin da za su nema: hujja ɗaya da ta yi ƙarfi, wuri ɗaya da ba a gane ba. In ba haka ba, abin da za ka gani shi ne “ya yi kyau” sau talatin. Malam kuma ya buɗe tarihin gyare-gyaren takardar, wanda ke nuna wa ya rubuta me da kuma yaushe. Babban sakin layi da ya faɗo gaba ɗaya cikin daƙiƙa guda alama ce ta kwafe. Amma kada a dogara da shi kaɗai, tunda idan yara biyu na amfani da na'ura ɗaya, sunan mutum guda ne zai fito. Abin da ya fi tabbas shi ne a rufe na'urori minti biyar kafin a tashi, a zaɓi ɗalibi ba tare da ya ɗaga hannu ba, ya bayyana kason da wani ya rubuta. Idan ya iya, an yi aiki tare. Idan ya kasa, an dai zauna kusa da juna.

Bidiyo ma haka. Wani bincike na 2014 da Philip Guo da abokan aikinsa suka yi kan kallo kusan miliyan bakwai a dandalin karatu ta intanet na edX ya nuna hankalin masu kallo yana fara janyewa da zarar bidiyo ya wuce minti shida, kuma waɗannan manya ne da suka kawo kansu. Ina ga yaro? A yanka shi gajeru, a rubuta tambaya biyu a allo kafin a kunna, a tsayar a tsakiya a tambayi abin da suke zaton zai biyo baya. Richard Mayer, wanda ya shafe shekaru yana nazarin koyo ta hoto da sauti, ya nuna cewa kiɗa da kwalliyar da ba su shafi darasi ba suna rage fahimta, haka ma karanta wa mutane dogon rubutun da suke gani a allo alhali ga zane suna ƙoƙarin bi. Gasar tambayoyi irin ta Kahoot tana ba mai saurin amsawa ƙarin maki, don haka mai canka da wuri yakan doke mai tsayawa ya yi tunani. Amfaninta na gaskiya yana cikin jadawalin da ke fitowa bayan kowace tambaya: idan rabin aji suka zaɓi amsar kuskure iri ɗaya, to ga inda darasin gobe zai fara. Yawancin malamai suna wuce wannan jadawali da sauri don a ga wanda ya zo na ɗaya.

Masu cewa a kwashe na'urorin gaba ɗaya a koma alli da littafi, suna kafa hujja da matakin da Sweden ta ɗauka a 2023 na rage dogaro da na'urori a makarantu da komawa ga littattafai, sun zaɓi amsar da ba ta buƙatar tunani ne kawai. Masu cewa yaran yanzu da fasaha aka haife su, a bar su za su gano da kansu, ba su taɓa kallon yaro yana neman inda ya ajiye aikinsa na jiya ba. Fasahar tana aiki idan an ba ta aiki ƙayyadadde. A birnin Delhi na Indiya, gwajin da aka yi da manhajar Mindspark kan ɗalibai 619 ya nuna ci gaba sosai a lissafi da harshen Hindi cikin wata huɗu da rabi, saboda abu ɗaya ta sa a gaba: gano matakin da kowane yaro yake, ta ba shi tambayar da ta dace da shi. Wannan abu ne da malami ɗaya ba zai iya yi wa mutum arba'in a lokaci guda ba.

Akwai kuma farashin da ba a faɗa a taron bita. Kowace sabuwar manhaja sabon asusu ce, da sunan yaro da shekarunsa, wani lokaci har da hotonsa da muryarsa. Ƙungiyar Human Rights Watch ta binciki kayayyakin karatu 163 da gwamnatoci suka amince da su lokacin annobar korona, ta tarar kashi 89 cikin ɗari suna bibiyar yara ko suna da damar yin hakan. Malamin da ya sa ajinsa rajista a manhajoji goma ya miƙa bayanan 'ya'yan mutane ga kamfanoni goma, ba tare da ya karanta sharuɗɗan ko ɗaya ba, ba tare da ya tambayi iyaye ba. Wannan sakaci ne, ko da an yi shi da kyakkyawar niyya, kuma shugabannin makarantun da ke yaba masa sun fi malamin laifi. Su ne kuma ke sa hannu a sayi lasisin da ba a amfani da shi. Rahoton UNESCO ɗin nan ya ce a Amurka kusan kashi biyu cikin uku na lasisin manhajojin karatu haka suke zaune ba a taɓa su.

Makaranta ta tsaya a kan kayan aiki biyu ko uku: wurin ajiye darasi da karɓar aiki, takardar rubutu ta haɗin gwiwa, da hanyar gwada fahimta cikin sauri. Inda intanet ba ta da tabbas, akwai manhajojin karatu irin su Kolibri da Kiwix da ke aiki ba tare da ita ba, akwai kuma Moodle da makaranta za ta iya ɗorawa a na'urarta tun da manhaja ce da kowa ke da izinin saukewa ya ci gaba da amfani da ita, ko da kamfanin da ke kula da ita ya wayi gari ya rufe. Kuɗin bitar manhaja ta goma sha ɗaya a mayar da shi sa'o'in da malamai masu koyar da fanni ɗaya za su zauna su tsara tambayoyi da jadawalin rukuni. Kuma kafin a yi rajistar ko da yaro ɗaya a sabon dandali, wani ya gwada fitar da aikin da aka zuba a ciki zuwa takarda ta gama-gari da kowace kwamfuta za ta buɗe. Idan bai fita ba, kada a shiga.