Gara hawa kwano a juya dish da wahalar fayawol, amma fa ban kashe shi ba

Kwana uku cur ina fama da tibi a gidan nan Manchester, kuma ba lalacewa ya yi ba, ba wuta aka ɗauke ba, intanet ma lafiyarsa ƙalau. Abin da ya faru shi ne akwai wata tsohuwar kwamfuta da na ajiye a lungun falo na zuba mata Jellyfin, wata manhaja mai tura bidiyo daga kwamfuta zuwa tibi da waya, a cikinta muke tara tafsirin azumi da bidiyon bukukuwan gida da ake turo mana da karatun yara, daga nan tibin falo da tablet ɗin yara duk suke ja ta waifai. Shekara biyu ba matsala. Sai muka canza kamfanin intanet aka kawo sabuwar rauta, wato akwatin da ke raba waifai a gida, shikenan tibi ya ce bai san wata kwamfuta ba, alhali ga ta nan tsakaninsu bai kai taku huɗu ba. Maman yara har cewa ta yi, Abbansu in ka gaji ka ɗauko kwamfutar ka ɗora mana a kan tebur mu kalla a haka, ai ba gasa ake ba.

Daren farko wallahi gida na tuna. A unguwarmu a Kano in hoto ya ɗauke ka san inda za ka duba, ko iska ta juya dish ko ruwa ya shiga waya ko kuɗin wata ya ƙare. A kira yaron nan mai gyara ya hau kwano da sifana, wani ya tsaya a tsakar gida wani a bakin taga, ana ta ihu, ya kawo! ya ɗauke! dawo da shi kaɗan! tsaya haka kar ka motsa! Maƙwabta ma sai sun sa baki ko ba a tambaye su ba. In an gama a ba shi na shan ruwa, in ma babu ya ce a bar shi sai an samu. In kuma duk ta ƙi ga gidan kallon ƙwallo nan a bakin titi da janaretonsa. Matsalar can ana ganinta da ido kuma ba kai kaɗai kake ɗaukarta ba. Nan kuwa kai ne mai gida kai ne mai gyara, maƙwabcinka gaisuwarku ba ta wuce ɗaga hannu ranar fitar da bola, ga lasisin tibi da kake biya sama da fam 170 duk shekara kafin ka kalli tashar da ke watsa shiri kai tsaye, amma babu mai zuwa ya duba maka komai.

Na rubuta a gurup ɗinmu na 'yan arewa da ke nan, kafin minti biyar mutum uku sun ba ni amsa iri ɗaya, kashe fayawol ɗin kawai malam. Fayawol shi ne mai gadin da ke cikin kwamfuta yana tantance abin da zai shigo mata. Na kashe, take tibi ya ga kwamfuta. To a nan ne muka raba gari da su, don su a wajensu an gama gyara ke nan, ni kuma a wajena yanzu ne na gano inda ciwon yake. Kashe shi na minti ɗaya don gwaji daidai ne, barinsa a kashe shi ne ban yarda da shi ba, kuma na san daga ina muka samo halin, irin na fis ya ƙone a naɗa masa waya a mayar, in dai ya kawo shikenan.

Ni yadda na fahimci fayawol, zaure ne. Duk gidan mutunci baƙo ba ya faɗawa tsakar gida kai tsaye, zai yi sallama ya tsaya a zaure a leƙo a ga ko waye, wani a ce ya shigo wani a fito a same shi a nan, wani gidan ma an rubuta ba shiga ɓaro-ɓaro a bango. Kwamfuta tana da ƙofofi masu lamba sama da dubu 65, kowace manhaja da tata. Jellyfin yana sauraro a ƙofa ta 8096, yana kuma amfani da 7359 don na'urorin gida su gano shi da kansu.   In ƙofar tana kulle tibi zai yi ta sallama ba amsa, kuma ba zai ce maka an hana shi shiga ba, cewa zai yi bai ga kowa ba, abin da ya fi ba ni haushi ke nan.

Laifin ma nawa ne. Windows tana raba waifai gida biyu, fablik da firaibet, wato na kasuwa da na cikin gida. Da ta ga sabuwar rauta sai ta ɗauke ta baƙuwa ta sa ta a fablik, kamar ina zaune a tashar jirgin ƙasa, ta kulle komai, ni kuma ban duba ba. Na shiga saitin na mayar firaibet, na rubuta wa fayawol doka biyu ta barin shigowa, ɗaya ta ƙofar 8096 ɗaya ta 7359, na kuma taƙaita su ga na'urorin cikin gida kawai. Sai kuma adireshi, wato lambar da rauta ke ba kowace na'ura, tsohuwar rauta tana raba 192.168.0 wani abu, sabuwar 192.168.1, tibi kuma tsohon ya riƙe yana ta ƙwanƙwasa gidan da aka tashi. Na gyara na sa rauta ta riƙe wa kwamfutar lamba ɗaya kar ta riƙa canzawa. Tablet ɗin yara shi ya cinye min dare na uku, ashe babban yaron ya jona shi a waifai na baƙi, shi kuma an yi shi ne musamman don wanda ke kansa ya samu intanet amma kar ya ga sauran kayan gida.

Wani a gurup ya ce wa zai damu da kwamfutarka, kai minista ne? Ai ba mutum ne yake zama ya neme ka ba, manhajoji ne suke zagaye intanet dare da rana suna taɓa kowace ƙofa. A Oktoban 2016 wata muguwar manhaja Mirai ta tara kyamarori da rautocin mutane da ba a canza musu kalmar sirri ba, aka yi amfani da su aka kai harin da ya sa Twitter da Netflix suka ƙi buɗewa a sassan Amurka, masu kayan suna gida ba su ma sani ba. Nan Birtaniya tun Afrilun 2024 doka ta hana sayar da na'ura mai kalmar sirri irin admin ko 12345. Gaskiya ne rauta ma tana tarewa daga waje, amma ni na ga yadda yara ke sauke duk abin da suka gani a waya, wayar nan kuma a cikin gida take, ta riga ta wuce zauren farko.

A gida abin bai dame mu ba saboda yawanci data ce a waya ko ƴar mifi, fim kuma a je wajen masu turawa a zuba a memori ko a yi Xender. Amma yanzu faiba tana shiga unguwanni, Starlink mai intanet ta tauraron ɗan'adam ya shigo Najeriya tun 2023, mutane na sa kyamara a ƙofar gida suna kallo daga waya, kuma na tabbata da yawa kalmar sirrin da mai sawa ya bari ita ce har yau, shi ma ya san ta yaransa ma sun sani.

Ƙanina da ya ji labari cewa ya yi, Yaya to ka buɗe min ni ma na riƙa kallo daga Kano mana. Ana iya yi, sai dai sai na huda ƙofa a rautar kanta zuwa waje, ni kuma ko UPnP da ke buɗe irin wannan ƙofar da kansa na kashe shi. Na ce masa ya yi haƙuri, datarsa ma ba za ta ɗauka ba. Na zuba masa tafsirin da bidiyon bikin a memori, akwai mai tafiya gida ƙarshen wata zai kai masa har shago.