Maƙwabcina na noman wiwi a cikin gida, kuma doka na bayansa

Da farkon hunturun nan na'urar ɗumama gidanmu ta tsaya cak cikin dare, ga ƙanƙara ta rufe ko'ina. Maƙwabcinmu ne ya zo da kayan aikinsa ya tayar mana da ita, ko sisi bai karɓa ba. Dattijon Bature ne da ya yi ritaya daga masana'antar haɗa motoci a nan Windsor ta ƙasar Kanada, garin da kogi kawai ya raba shi da Detroit ta Amurka. Mutumin kirki ne, ba zan ci amanarsa ba. Washegari uwargida ta soya cincin, na ɗauki babban ɗana mai shekara 15 muka je yi masa godiya. Bayan an gaisa sai ya ce mu sauko ƙasa ya nuna mana gonarsa.

Gidajen nan kusan kowanne yana da ɗaki a ƙarƙashin ƙasa, inda ake ajiye injin wanki da tarkace. A kusurwar nasa akwai wani baƙin tanti da ya fi ni tsawo, mai zif kamar na jaka. Da ya zuge, haske ya kashe mana ido. Cikin tantin an liƙa masa abu mai ƙyalli, fitila na rataye a sama, ƙaramar fanka na kaɗawa, ga wani bututu mai gawayi a ciki da ke tace wari kafin iskar ta fita. A ƙasa bokitai huɗu ne masu murfi, kowanne da tsiro guda. Babu ƙasa ko ta cikin cokali. Ya ɗaga murfin ɗaya, sai ga saiwoyi farare fat suna lilo a cikin ruwa, ruwan kuma yana tsattsafar kumfa saboda ɗan injin da ke hura masa iska. Takin ma na ruwa ne a kwalabe. Agogo ke kunna fitilar, agogo ke kashe ta, shi ne ranarsu shi ne darensu. A waje sanyi na neman tsinke kunne, a cikin tantin damina ce sosai.

Tun kafin ya faɗa na gane ganyen. Wiwi ce. Yana nuna mana ita fuskarsa cike da fara'a, irin ta mai nuna wa baƙo ragon layyarsa.

A hanyar komawa na fara yi wa yaron faɗa. Ya saurara har na gama, sannan ya ce, "Abba, ai doka ta yarda. Huɗu ne kawai." Cikin ladabi ya faɗa, bai ɗaga murya ba. Wannan maganar ce ta hana ni barci.

Kuma ba ƙarya ya yi ba. Tun ranar 17 ga Oktoba 2018, zamanin Justin Trudeau, Kanada ta halatta wiwi ga manya, ta zama ƙasa ta biyu bayan Uruguwai. Kowane gida na iya shuka tushe huɗu, mutum na iya yawo da giram 30 a aljihu. A nan lardin Ontario shekara 19 ake buƙata. Shagunan sayar da ita suna jere a titi ɗaya da gidan burodi da kantin magani, tagoginsu a lulluɓe, cikinsu tsaf-tsaf. Da bazara sai ka taka a gefen kogi da iyalinka warin ya bi ku, domin a wannan lardin kusan duk inda aka yarda a sha sigari an yarda a sha ta. Lardin Kebek ne ya tirje, ya hana shuka ta a gida, ya kai shekarun zuwa 21, kuma Kotun Ƙoli ta ba shi gaskiya a 2023. Jamus ma ta bi sahu a 2024 da tushe uku.

Na san hujjarsu, na sha jin ta a wurin aiki. Sun ce ko an hana ko ba a hana ba mutane na sha, gara gwamnati ta karɓe kasuwar daga hannun 'yan fasa-ƙwauri, ta rubuta ƙarfin abin a jikin kwali, ta karɓi haraji, ta daina cika gidan yari da matasa. Wanda ya ba yaro kuma zai iya shan ɗaurin shekara 14. Akwai hankali a ciki, ban musa ba. Amma ma'aikatar lafiyar Kanada da kanta tana cewa sinadarin da ke bugarwa ya tashi daga kusan kashi 3 cikin ɗari a shekarun 1980 zuwa wajen kashi 15 a yau, wata ma ta kai 30, kuma ƙwaƙwalwar mutum ba ta gama nuna sai wajen shekara 25. To wane lissafi ne zai ba ɗan shekara 19 abin da kai da bakinka ka ce yana taɓa ƙwaƙwalwar da ba ta gama nuna ba? Irin tantin nan, inda mutum ke juya haske da taki yadda ya ga dama, yana cikin abin da ya ƙara mata ƙarfi. Wannan ba ganyen da muka sani a bayan tasha ba ne.

Kada wani ya ce mini wannan matsalarsu ce can. Duk mai bin labaran hukumar NDLEA ya sha ganin kwantenonin da ake kamawa a tashar jiragen ruwa ta Legas, an cusa ƙunshin wiwin da ake kira Loud a cikin tsofaffin motocin da aka ɗauko daga Kanada. Abin da aka ƙware wajen nomawa a nan yana ƙarewa a hannun yaran Kano da Kaduna da ke da ɗan abin hannu.

Za a ce mu ma ai ga halin da muke ciki. Haka ne. Binciken da aka yi da Majalisar Ɗinkin Duniya a 2018 ya ce mutum miliyan 14.3 ke ta'ammali da ƙwayoyi a Najeriya, miliyan 10.6 daga cikinsu wiwi suke sha. Mun ga yadda kodin ya shiga har ɗakunan matan aure kafin a hana shi, mun ga abin da aka tarar a gidajen mari a 2019. Dokarmu mai zafi ce tun 1966, ba ta hana dazukan Ondo da Edo cika da gonaki ba. Duk na sani. Amma a gida mai shan wiwi ya san abin da yake yi ba daidai ba ne. Yana neman kango, yana wanke baki kafin ya shiga gida, in ya hango dattijon unguwa sai ya jefar ya take. Ba a ba shi aure sai an yi dogon bincike. Wasu za su kira wannan munafunci. Ni a wurina ita ce igiyar da ake jawo yaro da ita ya dawo, domin wanda ke ɓoyewa bai gama yanke ƙauna da kansa ba. A nan an tsinke igiyar. Abin da doka ba ta hana ba ya zama ba abin magana ba ne, kuma wanda ya yi magana shi ne mai shisshigi.

Wani abin da ke ƙona mini rai shi ne basirar da aka zuba a wannan tanti. Garin Leamington ba shi da nisa da mu, nan ne cibiyar tumatir ta Kanada, gidajen gilashi iya ganinka, ana noman tumatir da kokwamba da tattasai a ruwa ba ƙasa, rani da damina. Da aka halatta wiwi, wasu manyan gidajen gilashin suka koma nomanta. Na tuna 2016, lokacin da tsutsa ta cinye tumatirin Kadawa da Kura har kwando ya gagari talaka. Da ilimin da ke cikin bokitin maƙwabcina ya isa hannun manomin Kadawa, da wani zance ake yi.

Amma ba tumatir ne ya sa na ɗauki alƙalami ba. Lokacin da muke yara, in na yi ba daidai ba a ƙarshen layi, kafin in iso gida an riga an hukunta ni, kuma Baba zai je ya yi godiya. Ɗa na kowa ne, haka aka raine mu. Malamin allo, mai shayi, liman, ƙanwar uwa, duk bakinsu ɗaya da na mahaifina. A nan ni kaɗai ne. Makaranta na koya wa ɗana cewa jikinsa nasa ne, zaɓi nasa ne, titi na nuna masa shago mai lasisi, maƙwabcin da ya fi kowa kyautata mana yana nuna masa gona. Masallacinmu sai an shiga mota, yawanci Juma'a ce ke haɗa mu. In na ce haramun ne, murya ɗaya ce tak a cikin gari guda. Shekara huɗu suka rage doka ta ce masa bismillah, ni kuma ba ni da ta cewa.

Na kira yayana a Kano na gaya masa ina tunanin turo yaron makarantar kwana, ya ƙarasa sakandare a gabansu. Ya ce, "Kai dai ka daɗe ba ka zo ba. Unguwar da kake tunawa ba ita ce yanzu ba, yaran ma a bakin layi suke sha ido na ganin ido." Na ce masa, "Yaya, ko da hakan ne, in ka gan shi a cikinsu ai za ka kama kunnensa, kuma ba wanda zai kira maka 'yan sanda." Bai musa ba.

Uwargida ba ta yarda ba tukuna. Ta ce ba mu sha wahalar takardu da sanyin ƙasar nan don mu rabu da 'ya'yanmu ba, kuma tana tsoron hanya da yawan rufe makarantu. Yaron kuwa ba mu gaya masa ba. Na dai roƙi Yaya ya fara tambayo mini kuɗin makarantu biyu da ya yarda da tarbiyyarsu, kuma da dogon hutun bazara zan kai su gida gaba ɗaya, ya zauna a ɗakin kakarsa ya ji yadda ake magana da manya.