Ƙannena masu shirin WAEC, √2 da √3 ba sa zama √5

Ƙannena ɗalibai, musamman ku 'yan ajin ƙarshe na sakandare, ku ba ni aron kunnuwanku a kan lissafin nan mai alamar √, wanda malamanku ke kira sod. Ba wuya gare shi ba, garaje ne ke kayar da ku.

Yaro zai ga √9 + √16, ya tara 9 da 16 ya samu 25, ya rubuta 5, ya wuce abinsa yana murna. Haba! Ai √9 shi ne 3, √16 kuwa 4, jimlarsu 7. Haka √2 + √3. Na farkon kusan 1.414 ne, na biyun kusan 1.732, sun haura 3 ke nan, alhali √5 kusan 2.236 ne kawai. To ta ina suka zama ɗaya?

Ba a tara su sai abin da ke ƙarƙashin alamar ya zo iri ɗaya. Buhun gero uku da buhun gero biyar, buhun gero takwas ne, amma in masara ta shigo, lissafinta daban. Shi ya sa 3√2 + 5√2 ke ba da 8√2, 7√x − 2√x kuma 5√x. Lambar waje ake tarawa ko a debe, ta ciki ba a taɓa ta.

Inda aka fi zubar da maki shi ne irin √50 + √18 − √8. Kallo ɗaya za ku yi masa ku ce babu masu kama da juna, ku tsallake. Ku tsaya tukuna ku farfasa kowanne. 50 dai 25 sau 2 ne, don haka √50 ya koma 5√2. √18 ya koma 3√2, √8 ya koma 2√2. Ashe duk 'yan gida ɗaya ne, amsa 6√2. Wanda bai haddace 4, 9, 16, 25, 36, 49, 64, 81 da 100 ba, wato lambobin da ke fita daidai daga ƙarƙashin alamar √, ba zai hango wannan ba. Kuma ku nemi mafi girman da zai shiga: √72 ba a barin sa a 3√8, sai an kai shi 6√2.

Ku rage dogaro da kalkuleta, don Allah. In tambaya ta ce a bar amsa da alamar √, kuka rubuta 8.485 a maimakon 6√2, ba abin da aka nema ba ke nan.

Yau bayan sallar isha'i ku ɗauki biro ku gwada √75 + √48 − √27. Wanda bai samu 6√3 ba, ya sake farfasa 48.