Kibiyar da ta mai da ni ɗan sintiri

Duk abin da ya same ni, 'yan Koriya ta Kudu ne suka jawo mini. Da ba su kwashe zinare biyar ɗin nan na harbin kibiya a gasar Olamfik ta Faris a 2024 ba, da yanzu ina barcina lafiya ranakun Talata da Alhamis, da talotalon maman yara ma ya tafi kasuwa da fukafukansa biyu cif.

Wani dare ne an ɗauke wuta, ina kwance kan tabarma ina latse-latsen waya, sai na ci karo da wata yarinya siririya, ta tsaya daga nisan mita 70, ta saki kibiya ta tsire wata 'yar da'ira da ba ta fi murfin kwanon miya ba. Ko murmushi ba ta yi ba. Nan take jinin gado ya motsa. Don kuwa a gidanmu an sha faɗa mana cewa kakan kakanmu ɗan baka ne, wai da shi aka yi Tafkin Kwatto a 1804, ranar da maharban jama'ar Shehu suka watsa dawakin Yunfa Sarkin Gobir. Na taɓa tambayar Goggo wane ɓangare yake a ranar, ta ce in bar tone-tone.

Da safe na ce wa maman yara, "Na koma sana'ar kakanni."

Ta ce, "Irin komawar da ka yi kiwon kifi bara?"

Ban tanka mata ba. Kifin nan zafi ne ya kashe su, kowa ya shaida.

Baka ba ta ba ni wahala ba. Na shiga Kasuwar Kurmi wajen masu kayan gargajiya, na sayo ta haɗe da kwari na fata mai tuntaye ja da kore. Kiban da ke ciki ne na ado, irin waɗanda baƙi ke saya su rataya a falo. Na ce ai faɗuwa ta zo daidai da zama, da ma ɗan gado ba ya harbi da kibiyar kasuwa. Na koma waya na kwana uku ina kallon Turawa suna haɗa kibau. Kowannensu da ɗakin aiki guda, da sanduna miƙaƙƙu kamar an zana su da rula, da wani ƙarfe mai riƙe gashin tsuntsu har ya manne, da sikelin awon nauyi irin na masu zinare. Ni kuma na haɗa nawa kayan: reza, zaren ɗinki, da Super Glue guda uku.

Kyauro na fara nema. Na hau babur na nufi fadamar bayan gari, tsakiyar watan Agusta, ruwa na zuba kullum. Na nutse a taɓo har gwiwa, na yanko guda ashirin, kore shar, ɗanyu jagab. Saboda gaggawa na jera su kan rufin kwano don rana ta yi aikinta. Ta kuwa yi. Bayan kwana huɗu da na hau dubawa, na tarar kowanne ya zaɓi alƙiblarsa: wani ya yi lauje, wani ya yi ƙahon rago, akwai ɗaya da har yau nake rantsuwa harafin lam ya rubuta. Bature ya ce ba komai, a gasa wurin da ya karkace a kan wuta, a lanƙwasa shi a hankali, a riƙe har ya huce. Na jawo kurfotin maman yara. Tara suka ƙone, biyar suka karye, shida suka tsira da tabo. Ta zo wucewa ta dubi ragowar ta ce in na gama da su in ajiye mata, za su yi tsinken tsire.

Wajen maƙeri kuwa nan na fara jin kunya ta gaske. Na same shi zaune gaban uwar maƙera, yaronsa na ta zuga. Na ce bakin kibiya nake so guda shida.

"Mai kunne ko marar kunne?"

Ban san me ake nufi ba, amma a ganina komai mai kunne ya fi marar kunne cika. Na ce mai kunne.

Ya ciro guntun rodi daga wuta da awartaki, ya ja ja wur, ya dake shi ya yi tsini, ya fitar masa da wasu 'yan ƙayoyi biyu masu kallon baya, sannan ya ja masa doguwar wutsiya siririya da za ta shige cikin kyauro. Aikin ya burge ni. Yana cikin na uku ya ce, "Malam, me za ka harba ne? Gada ko gafiya?"

Na ce, "Kwali."

Ya ajiye masaba. Yaron ma ya daina zuga.

Sauran gashi. Turawan nan sun haɗu a kan magana ɗaya: gashin talotalo ya fi, guda uku a kowace kibiya, kuma lallai daga fiffike ɗaya, kada a gauraya na dama da na hagu, don kowanne da gefen da ya karkata. Shida sau uku, goma sha takwas. Ga kuma talotalo a gida, maman yara na ta ɗura masa dusa tun bayan Babbar Sallah don ta kai shi Sabon Gari gab da Kirsimeti, lokacin da yake tsada. Na jira ta tafi Islamiyya. Duk wanda ya ce maka talotalo tsuntsun banza ne, bai taɓa kama fiffikensa ba. Ya mare ni da na hagu sau biyu, ya sa mini ƙafa a ƙirji, ya yi ta kururuwa kamar ana yanka shi. Autana na tsaye yana kallo daga farko har ƙarshe. Na ba shi naira ɗari biyu kuɗin rufe baki. Ya karɓa, ya sayo alewa, ya je ya tare uwarsa tun daga bakin layi ya ba ta labari da alewar a baki.

Ban ce komai kan abin da ya biyo baya ba, sai dai kwana biyu tuwona ba man shanu.

Manna gashin ma sai da ya bar mini tarihi. Na tsaga shi da reza, na shafa Super Glue, na danna da yatsa ina ƙirga talatin. Da na ɗaga, sai gashin ya bar kyauro ya biyo ni. Ana cikin haka aka kira Magariba. Na kankare abin da ya kankaru, na tafi. A zaman tahiya da na ɗaga manuniya, sai ga wani ɗan gashi baƙi yana kaɗawa a kanta kamar tuta. Na ji kafaɗar na kusa da ni tana rawa har aka sallame.

Duk da haka na kammala shida, na ɗauke su da alfahari na kai wa Baba maharbi, wani dattijo da ke gadi a bayan layinmu, wanda ya yi farauta tun ban zo duniya ba. Ya karɓi ɗaya, ya rufe ido guda ya leƙa tsawonta, ya juya ta, ya shafa gashin.

"Yaro, wannan kibiya ce ko ɗan tsako?"

Na ce, "Baba, gashin ne ke daidaita ta a iska. Haka ake yi a Turai."

"To mu tamu ba ta da gashi. Ƙarfen gaba ke jan ta, gindi ya biyo. Kyauro kuma ba a yankansa da damina, sai kaka ta wuce ya bushe a tsaye. Wannan zaren na mene ne? Da jijiya ake naɗi, a jiƙa ta a naɗa, in ta bushe ta matse da kanta. A naɗa wuya inda ƙarfe ya shiga, a naɗa gindi ƙasan tsagar da tsirkiya ke zama, in ba haka ba ta dare." Na kawo masa zancen mita 70. Ya yi dariya har da tari. "Mu sanɗa muke yi, sai mun ji numfashin nama. In kibiya ta ɗan taɓa shi, dafin kwankwani ya ƙarasa sauran. Kai dai kada ka harba waɗannan a cikin gari."

Na yi masa godiya, na fito ina cewa a raina tsofaffi ba sa son ci gaba.

Asabar da hantsi na cusa tsummoki a kwalin taliya, na jingina shi da katanga, na auna taku goma sha biyu. Yara suka jeru a bakin ƙofar ɗaki. Talotalo ya koma bayan turmi, ya karkace gefe guda yana hararata.

Ta farko: gindin ya dare kamar yadda Baba ya faɗa, tsirkiya ta zabge mini hannu, kibiyar ta faɗo kan silifas ɗina. Ta biyu ta tashi, amma sai ta yi kwana ta shige buhun masarar da ke zaure. A nan na gane ma'anar kunne. Na ja, na murɗa, ta ƙi fita, sai da na farke buhun da wuƙa, kaji suka yi walima.

Ta uku ita ce 'yar lelena, wadda ta fi sauran miƙewa. Na gyara tsayuwa irin ta yarinyar nan, na ja har kunne, na saki. Jama'a, ta yi kyau! Ta tafi sambal tana juyi, gashin talotalo na sheƙi a rana. Ta wuce kwali, ta wuce katanga, ta ɓace.

Shiru. Sai muka ji ƙwas. Sai kuma shaaa.

Tankin roba na Alhaji maƙwabcina, wanda ke bisa dogon ƙarfe, wanda ya ƙona fetur a janareta ya cika da asuba. Kibiyata ta shige shi can ƙasa-ƙasa, inda duk ruwan zai samu hanya, ta tsaya cak da kunnuwanta a ciki. Ba a buƙaci bincike ba. Alhaji ya fito da jiƙaƙƙiyar jallabiya, ya dubi gashin da ke jikin tanki, ya leƙo ya dubi talotalo, ya dube ni da baka a hannu.

A gaban mai unguwa na amsa laifina tun kafin a karanto shi. Aka yanke zan biya mai facin roba, in kuma saya wa gidan Alhaji ruwan 'yan garuwa har a gyara. Na ce na yarda, na yunƙura zan tashi. Mai unguwa ya ce in dakata. Yana ta juya kibiyar a hannu.

"Daga tsakar gidanka ka harbo?"

"E, ranka ya daɗe."

"Ta saman katanga? Ba ka ma ganin tankin sosai?"

"Wallahi ban ma san na..."

"Ikon Allah. Ashe muna da maharbi a unguwa, muke ta karo-karon kuɗin 'yan sintiri daga waje." Ya juya ga magatakardansa. "Rubuta shi. Talata da Alhamis, daga sha biyu zuwa asuba."

Yanzu wata na biyar ke nan ina fita, da tocila, da usur, da kwari mai tuntaye, da kibau uku da suka rage, kowacce na kallon gabanta daban. Daren farko aka yi ta gardamar inda za a sa ni a jeri, na gaba suka ce ba su yarda in bi bayansu ba, na gefe suka tuna da buhun masara. Baba maharbi ne ya raba gardamar. Ya ce shi dai duk ranar da ta kama zan yi harbi, a taimaka a matsa masa ya tsaya daidai inda na auna.