Kara ɗaya a daren Juma'a

Makon jiya mun je walimar aure a wata istiraha, wato gidan taro na haya, da ke bayan Jidda, ta hanyar Makka, kuma abin da ya same ni a can har yau yana ci mini rai. An yi sallar isha'i, an ci shinkafa da rago, an zagaya da gahawa. Na tashi na bar jama'a, na tafi can ƙarshen fili bayan inda aka jera motoci, inda babu yaro babu mace babu tsoho, na sami wani bulo na zauna na kunna tabata. Ban yi zuƙa uku ba sai ga ɗan wana ya tako da abokansa biyu. Yaron nan ni na yi masa huɗuba ranar da aka haife shi, saboda ubansa yana kan hanya. Bai yi sallama ba. Ya tsaya a kaina ya ce, "Baffa, da girmanka da furfurarka? Wallahi kana ba mu kunya."

Ban ce masa komai ba. Na ajiye karan a kan bulon har ya mutu da kansa, na shiga mota na dawo gida. Abin da ban faɗa masa a gaban abokansa ba shi zan rubuta a nan, domin na san ba ni kaɗai ake yi wa haka ba.

Da farko, abin da ke hannuna ba sigarin kwali ba ne. Ita ce tabar da Larabawa ke kira sigar: ganye tsantsa, babu takarda, babu auduga a gindi, an naɗe shi da hannu. Shekara goma sha huɗu ke nan ina shanta, kara ɗaya a mako, daren Juma'a, a kan rufin gidana. Wani dattijo ɗan Labanan da na yi wa aikin fiton kaya a tashar jiragen ruwa shi ya fara miƙo mini, ranar da muka kammala wani aiki da ya sha mana kai wata biyu. Ya ce kada in haɗiye hayaƙin, in bar shi ya zagaya baki in fitar, kuma kada in yi sauri. Sa'a ɗaya da rabi muka yi a zaune muna kallon teku. Tun da na zo ƙasar nan ban taɓa zama sa'a ɗaya da rabi ba tare da ina bin wani abu ko wani abu yana bina ba, sai ran nan.

Hausawa sun ce taba ta bambanta da garin gero, ni kuma ina ƙarawa da cewa ita kanta tabar ta bambanta da 'yar'uwarta. Ganyen da ya fi suna a duniya a yammacin Kuba ake noma shi, a yankin Vuelta Abajo na lardin Pinar del Río. In an tsinko ganye sai a rataye shi a rumfa ya yi makonni yana bushewa a hankali, sannan a tara shi tsibi-tsibi ya ɗau zafi da kansa ya ruɓa ruɓar gyara, kamar dai yadda iyayenmu mata ke rufe kalwa ta zama daddawa. Bayan nan a ɗaure a ajiye shekara ɗaya, biyu, wani ma fiye. Ganyen saman itacen, wanda ya fi shan rana, shi ne mai ƙarfi. Na tsakiya shi ke ba da ƙanshi. Na ƙasa ba shi da wani ɗanɗano sosai, amma shi ke sa wuta ta ci daidai. Mai naɗi yakan haɗa ukun a tafin hannu, ya rufe da wani ganyen da zai riƙe su, sannan ya kawo na waje, mai laushi kamar fatar da aka jeme da kyau, ya naɗe. In ya matse da yawa hayaƙi ba zai fito ba, in ya sassauta wuta ta cinye da sauri ta yi ɗaci. Duk wanda ya taɓa zama kusa da maɗinkin hula ko baduku ya san irin wannan aikin, aikin da hannu ya sani fiye da baki.

Wani abu da ke burge ni: tun 1865 masana'antun Havana suke ɗaukar mutum aikinsa kawai ya zauna a sama ya karanta wa masu naɗi jarida da littattafai da babbar murya suna aiki. Duk sanda na tuna wannan sai in tuna shagon telolin unguwarmu a Kano, rediyo a rataye, kowa kansa a sunkuye, kunne na wajen labari.

Sunayen ma kowanne da tarihinsa. Partagás tun 1845, Romeo y Julieta tun 1875, Montecristo 1935. Cohiba a 1966 aka fara ta, ta Fidel Castro ce da baƙinsa, sai 1982 aka fara sayar wa kowa. Da Amurka ta rufe ƙofar ciniki da Kuba a 1962 zamanin Kennedy, kuma gwamnatin juyin juya hali ta ƙwace masana'antu, da yawa daga cikin masu sana'ar suka kwashi iri da iliminsu suka bazu zuwa Jamhuriyar Dominika da Honduras da Nikaraguwa. Yau garin Estelí na Nikaraguwa yana gogayya da Havana ba tare da jin kunya ba. Wadda na fi so kuwa, ganyen wajenta daga maƙwabtanmu yake zuwa, daga Kamaru. Siriri ne, mai ɗan kaushi, da wani zaƙi-zaƙi a leɓe. Kamfanin Arturo Fuente na Dominika ya daɗe yana naɗe wasu tabobinsa da shi. In na riƙe ta nakan ji daɗin cewa ƙasar da ta fitar da wannan ganye ba ta da nisa da Adamawa.

Ajiye ta a Jidda kuwa wani aiki ne. Tana son danshi kusan kashi 70 cikin ɗari da sanyi wajen digiri 20. A waje danshin teku ya yi yawa, zafi kuma ya wuce misali, a cikin ɗaki mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, ya busar da komai. Akwatin katako nake da shi na musamman, da ɗan ma'aunin danshi a jikin murfi. Wata shekara na tafi gida hutu a watan Agusta, mukayyif ya lalace ba wanda ya sani. Da na dawo na buɗe akwatin sai na ga ƙananan huji kamar na allura a jikin kara shida, da gari mai launin ƙasa a ƙasan akwati. Ƙwaron taba ne ya ƙyanƙyashe saboda zafi, irin yadda gunda ke yi wa wake a rumbu. Na zubar da shidan, sauran na zuba a leda na sa a firiza kwana uku, na goge akwatin lungu-lungu. Tun daga lokacin ba na tara fiye da abin da zan sha a wata uku.

To, na san abin da za a ce mini, kuma ba zan kauce ba.

Za a ce tana da illa. Tana da ita. Duk wanda ya ce maka sigar ba ta cutarwa saboda ba a haɗiye hayaƙinta, ƙarya yake yi maka. Tana jawo ciwon daji na baki da maƙogwaro, tana ɓata dasashi, kuma nikotin yana shiga jini ta fatar baki ko ba ka haɗiye ba. Castro ɗin da aka san shi da ita ya daina tun 1985. Ban taɓa miƙa wa ɗana ba, ba zan miƙa wa ɗan kowa ba, kuma in saurayi ya tambaye ni shawara zan ce masa kada ya fara. Amma ni ba yaro ba ne. Na haura hamsin, likita ya faɗa mini gaskiya na ji, na auna na zaɓa. Mutum nawa ne a cikinmu likita ya hana sukari, amma ba ya iya kwana sai ya sha shayi mai cokali huɗu? Mutum nawa ne hawan jini ke damu, amma duk dare yana gaban mai siriyya, wato mai tsire, yana zaɓen mai kitse? Ba wanda ke takowa ya tsaya a kansu ya ce suna ba dangi kunya.

Za a ce addini. A nan nake taka-tsantsan, domin ni ba malami ba ne. Na sani manyan malaman ƙasar nan sun yi fatawa cewa taba haramun ce, kuma mafi yawan malaman zamani a kan haka suke tun da aka gano illarta. Ba na jayayya da su, ba na kuma cewa abin da nake yi lada ne. Abin da na sani shi ne tun da taba ta shigo ƙasashen Musulmi wajen shekara ta 1600 ake muhawara a kanta. Ahmad Baba na Timbuktu, wanda duk Afirka ta Yamma ke alfahari da iliminsa, yana cikin waɗanda suka halatta ta a zamaninsa, haka ma Abdulgani al-Nabulusi na Sham. Ba su san abin da likitoci suka sani yau ba, na yarda. Ina kawo su ne kawai don a gane cewa mai shan taba ba sabon nau'in fasiƙi ba ne da ya faɗo jiya. Kakana a ƙauye da lofensa ya rayu, kuma shi ke ja wa mutane salla in liman ba ya nan. Kakata da fure da goro take rina haƙoranta. In ma laifi ne, to nasiha tana da ladabi. Malamanmu sun koya mana cewa wanda ya yi maka nasiha a keɓe ya so ka, wanda ya yi maka a bainar jama'a ya tozarta ka. Da yaron nan ya same ni a gida ya zauna ya ce, "Baffa, ina jin tsoron lafiyarka," wallahi da na sa masa albarka.

Doka kuma ba ni da rigima da ita, kuma ina so a ji wannan da kyau. An ayyana Makka da Madina a matsayin biranen da aka tsarkake daga taba tun 2001, kuma duk sanda na je Umra ko ziyarar 'yan'uwa a Shari Mansur da ke Makka, akwatina a Jidda yake kwana. An hana sha a masallatai da asibitoci da makarantu da ofisoshi da motocin haya, da tarar riyal 200 ga wanda ya karya. Daidai ne. An hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba. Daidai ne, da ma a ƙara tsanantawa. Huhun wani ba nawa ba ne, ba ni da haƙƙin zuba masa hayaƙi. Matata ba ta son warin, shi ya sa nake hawa rufi, kuma ina da jallabiya guda da na ware wa wannan zama, a waje take rataye.

Amma mu ma muna da abin faɗa. A watan Yunin 2017 aka ɗora wa taba harajin kashi ɗari bisa ɗari. A 2018 aka kawo harajin sayen kaya na kashi 5, a 2020 ya koma 15. Mun biya, ba mu yi zanga-zanga ba. Ni mai kara ɗaya a mako zan iya jurewa. Wanda nake tausayi shi ne leburan da ke sauke buhu a Bab Makka a nan Jidda, ko direban da ke kwana a hanyar Riyad, wanda sigari ya riga ya kama tun yana saurayi. Shi tsadar ba ta sa ya daina ba, sai dai ta tura shi ga na bayan fage wanda ba a san abin da aka cusa ciki ba. Da aka koma kwali marar ado a ƙarshen 2019, mutane da yawa suka yi ta kuka cewa ɗanɗanon ya canja kuma yana sa su tari, har hukumomi suka ce za a bincika. A majalisunmu kuwa abin dariya aka mai da shi: "To wa ya aike su?" Mutumin da ya biya kuɗinsa, ya biya haraji ninki, yana da haƙƙin sanin abin da aka sayar masa. Kasancewarsa mashayin taba ba ta soke wannan haƙƙi ba.

Kuma yana da haƙƙin wuri. In an hana shi ciki, to a bar masa waje. Ba zai yiwu a ce kada ka sha a ɗaki, ka fita tsakar gida a ce kada ka sha, ka fita bayan motoci cikin duhu a biyo ka can ma. Wanda ya yi tafiyar mita ɗari don ya nisanta hayaƙinsa da mutane ya riga ya nuna yana mutunta su.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne yadda muke auna mutum gaba ɗayansa da wannan abu guda. Na san wani bawan Allah a nan Jidda, mai riƙon amana, wanda 'yan gida ke ba wa saƙon kuɗi ba tare da rubutu ba. Aka zo binciken aure a kan ɗansa, wani ya ce, "Ai ubansa taba yake sha," magana ta mutu a nan. Ba a tambayi sallarsa ba, ba a tambayi yadda yake riƙe iyalinsa ba. A lokaci guda muna gaisawa da hannu biyu da wanda ya cinye kuɗin marayu, da dillalin da ya karɓi kuɗin igamar mutane, wato takardar izinin zama, ya ɓace, saboda bakinsu ba ya wari. Ɗaya daga cikin abokan ɗan wana da suka tsaya a kaina ran nan, na sha ganinsa a gahawar bakin teku da bututun shisha a baki har ƙarfe biyun dare. Shi nasa mai ƙanshin tuffa ne, don haka wayewa ce.

Lokacin da aka rushe tsofaffin unguwannin Jidda a 2021 da 2022, Sabil da Gulail da Karantina da sauransu, jama'armu ta watse. Abokan da muke shan shayi tare a bakin layi shekara ashirin, wani ya koma kudu, wani arewa, wani ya tattara ya koma gida. Mutum biyu suka rage mini a kusa. Ɗaya yana shan sigar kamar ni, ɗayan ko warinta ba ya so, sai ya zauna ta inda iska ke tasowa da butar shayinsa. Daren Juma'a bayan isha'i sukan hawo rufina. In yanke kan karan da 'yar askata, in gasa bakin da ashana ina juyawa har ya yi baƙi zagaye, sannan in ja a hankali. Toka ta taru fari tas kamar tsawon ɗan yatsa kafin ta faɗi. Mu yi maganar farashin gero a Dawanau, da wanda ya rasu, da wanda ya aurar, da yaran da aka haifa a nan waɗanda Hausarsu ke gudu daga bakinsu.

Wana ya kira ni shekaranjiya, ya ji labari, yana ba ni haƙuri. Na ce masa ya turo mini yaron gida, ba don in yi masa faɗa ba. Ina so ya zo da rana, ya yi sallama, ya zauna, ya faɗa mini duk abin da ke ransa game da taba, ni kuma in saurare shi har ya gama. Ya ce zai zo ran Asabar bayan la'asar.