Jikan masunta a tafkin Clearwater

Bakina ne ya ja mini. A wurin aikinmu a Winifeg ta ƙasar Kanada akwai wani dattijon Bature da ba shi da zance sai na kifi, ko gaisuwa kuka yi sai ya san yadda ya sako ƙugiya a ciki. Ran nan muna cin abincin rana yana ta cika wa mutane kunne da labarin wani kifin ruwan sanyi da ake kira tirawut ɗin tafki, wai a 1995 an kama mai kilo 32 da ɗoriya da fatsa a tafkin Great Bear, wai a 1961 kuma raga ta fito da mai kilo 46 a tafkin Atabaska. Ni kuwa sai jinin Kabawa ya motsa. Na ajiye cokali na ce masa a Argungu a 2005 giwan ruwan da ya ci gasa kilo 75 ne, kuma da homa da gora ake shiga ruwan, ba inji ba komai. Na ƙara da cewa ni jikan masunta ne. Wannan gaskiya ne. Abin da bai tambaya ba, ni ma ban ga dalilin faɗa ba, shi ne a Kaduna na girma, kuma ni da kifi ba mu taɓa haɗuwa ba sai a faranti.

Ƙarshen watan Mayu sai ga dattijo ya ce in yanki lasisin kamun kifi, mu tafi tafkin Clearwater a arewacin lardinmu na Manitoba, tafiyar sama da kilomita 600. Na ce me zai hana mu bari gari ya yi ɗumi? Ya ce ai shi tirawut ba ya shiri da ɗumi, ruwan da yake so bai wuce digiri 10 ba. Da bazara ta yi sai ya nutse can ƙasa mita 20, 30 ko fiye, inda irin fatsarmu ba ta kai wa. Sai yanzu da ƙanƙara ta narke ne yake hawowa kusa da gaɓa yana farautar ƙananan kifaye. Wato dai lokacin da ya fi yi wa kifin daɗi shi ne lokacin da haƙoran ɗan Kaduna ke kaɗawa.

Da muka shiga ɗan jirginsa ya miƙo mini sanda doguwa, siririya, mai lanƙwasa, na nemi koto. Babu tana, babu hanjin kaza, babu komai. Ƙugiya ce kawai aka ɗaure mata gashin tsuntsu fari da toka-toka da ɗan zare mai ƙyalli, wai idan ta jiƙe ana fizgarta a ruwa sai ta yi siffar ɗan kifi mai gudu. Tun da ba ta da nauyi, igiyar ce mai nauyin, ita ake lilawa a iska gaba da baya har ta miƙe ta ɗauki ƙugiyar ta kai ta nesa. Dattijo ya yi sau ɗaya, igiya ta tafi sumul ta kwanta a kan ruwa ba ko ƙara. Na ce ashe abin ba wuya.

Lilawar farko na kamo reshen itace a gaɓa. Ta biyu igiyar ta naɗe mini wuya. Bayan nan na kama hular dattijon, ya cire ƙugiyar ya mayar da hularsa bai ce uffan ba, sai dai ya matsa can ƙarshen jirgi ya sa tabarau. Ga wasu ƙananan baƙaƙen ƙudaje masu cizo da suka gano cewa sabon jini ya zo gari. Ina tsaka da korar su da hannun hagu, iska ta juyo, na ji tsau a kunnena na dama.

A Manitoba doka ce sai ka matse ɗan haƙorin nan na bakin ƙugiya kafin ka jefa ta ruwa, don kifin da za a saki kada ya ji rauni sosai. Da safe na yi ta mita a raina cewa wannan ai gata ne ya yi wa kifi yawa. To albarkacin gatan kifin nan dattijo ya zare ƙugiyar daga kunnena cikin sauƙi, ya manna mini filasta, ya ce ni ne mafi girman abin da ya taɓa saki a tafkin.

Can wajen la'asar hannu ya ɗan faɗa. Na jefa, na bar igiya ta nutse, ina janyo ta da yatsu kaɗan-kaɗan yadda ya koya mini, hankalina yana kan kunnena. Sai igiyar ta tsaya cak. Na ce masa na kama dutse. Ya dubi kan sandar ya ce, "Dutsenka yana girgiza kai."

Jama'a, kifin nan ba ya tsalle, ba ya burga, ba ya nuna kansa. Ƙasa kawai ya sani. Duk wanda ya taɓa jan ragon layya da ya gane inda za a kai shi ya san irin taurin kan da nake nufi. Igiyar da ta taru a ƙafata ta bi ta tsakanin yatsuna da gudu har ta ƙone mini fata, faifan naɗe igiya ya hau kuka, na kai hannu in tsayar da shi mariƙinsa ya ƙwanƙwashe mini gaɓoɓi. Sanda ta lanƙwashe har bakinta na taɓa ruwa. Idan na samu na janyo mita biyu sai ya karɓe biyar. Yana yi yana girgiza kai, ina jin kowace girgiza a kafaɗata. Dattijo yana zaune yana shan shayinsa yana cewa in ɗaga sanda, in bar shi ya gudu, kada in yi masa dole. Ni kuwa salati nake, ina haɗawa da kirarin kakannina da ban ma haddace daidai ba.

Ruwan tafkin garau yake, ana hango ƙasa nesa. Kafin in ga kifin sai na ga kumfa na tasowa. Dattijo ya ce gyatsa yake yi, yana sakin iskar cikinsa yayin da yake hawowa, alamar ya kusa. Ya kusa ɗin ne kuwa, amma da ya hango inuwar jirgi sai ya sake yin ƙasa, muka koma gidan jiya. Da ƙyar da siɗin goshi ya shiga ragar hannu: toka-toka, jikinsa duk ɗigo-ɗigon fari, wutsiya mai tsagi, tsawonsa ya kai hannuna daga kafaɗa. Nan take na fara lissafin farfesu, har na tuna akwai yajin daddawa a jakata.

Dattijo ya jiƙa hannunsa, ya zare ƙugiya, ya ce in riƙe a ɗauke ni hoto da sauri. Sannan ya karɓe, ya sa shi a ruwa yana tallafe da cikinsa har ya dawo hayyacinsa, ya buɗe hannu. Ina kallo abincin darena ya kaɗa wutsiya ya tafi. Wai a ruwan sanyi irin wannan girmansu a hankali yake, mai wannan girman zai iya kai shekara 20 ko fiye, kuma manyan su ne masu ƙwai. A daren nan taliya da sadin na gwangwani muka ci.

Na tura wa Kawuna hoton a Argungu, bai yi minti biyar ba ya kira.

"Masha Allah, ɗan nan, jini ba ya ƙarya. Banda za ka yi ko soyawa?"

"Ai Kawu, mun sake shi."

Ya yi shiru har na duba ko layi ne ya yanke.

"Kuɓucewa ya yi kenan."

"A'a Kawu, da hannu aka mayar da shi ruwa. Haka suke yi a nan."

"Saurara, ɗan nan. Kowa ya tambaye ka a gidan nan, kuɓucewa ya yi. Wannan farin abin a kunnenka kuma na mene ne?"